Tafiya Madrid da Basalona Wajen Masu Zana Abin da Ido Ya Gani

Dalilin tafiyata ƙasar Sifaniya a watan Mayu na 2024 guda biyu ne, ɗaya na zumunci, ɗaya na sha'awa. Na zumuncin shi ne in duba ɗan ƙanwata da ke karatun tsara gine-gine a Madrid, wanda mahaifiyarsa ta daɗe tana roƙona in je in gano mata halin da yake ciki. Na sha'awar kuwa shi ne in ga da idona aikin wata jama'ar masu zane ta wannan birni, maza da mata, waɗanda tun daga shekarun 1950 suka tsaya kai da fata a kan zana abin da ke gabansu yadda Allah Ya halicce shi ko yadda mutum ya ƙera shi, titi ne ko tambulan ko fuskar ɗan Adam, a daidai zamanin da manyan masana zane na Turai da Amurka suka yi kusan ijma'i a kan cewa wannan tafarki ya tsufa, na'urar ɗaukar hoto ta gaje shi, kuma ba abin da ya saura ga mai zane sai ya watsa launi a kan ƙyalle ya bar mai kallo ya fassara. Ina son kuma in fahimci su wane ne suke sayen irin wannan aiki, da abin da suke nema a cikinsa, domin mai sana'a, kome ƙwarewarsa, ba ya daɗewa a kan sana'arsa in babu wanda zai sa hannu a aljihu saboda ita.

Madrid birni ne da ke kan tudu, tsayinsa daga teku ya haura mita 600, iskarsa busasshiya ce, haskensa kuwa tas, mai fito da gefen kowane gini kamar an yanke shi da wuƙa, kuma wanda ya kwana biyu a cikinsa zai gane dalilin da ya sa masu zanensa suka shagala da haske fiye da kome. Da yammacin ranar da na sauka, ɗan ƙanwata ya kai ni gangaren da ke bayan babbar majami'ar Almudena, inda ragowar ganuwar da Sarkin Ƙurɗuba Muhammadu na Farko ya sa aka gina a ƙarni na tara take tsaye har yanzu, an kewaye ta da ɗan lambu mai sunansa. Muka tsaya muka yi wa magabata addu'a, muka tuna cewa daga wannan gari ne masanin hisabi da taurari Maslama al-Majriɗi ya fito, sa'an nan muka wuce masauki.

Washegari na fara da gidan adana zane-zane na Prado, wanda aka buɗe a 1819, saboda ba a fahimtar 'ya'ya sai an san kakanni. Jama'a duk sun yi cincirindo a gaban babban zanen da Velázquez ya yi a 1656 na 'yar sarki da hadimanta, ni ma na tsaya na ba shi haƙƙinsa. Amma abin da ya kawo ni yana wasu ɗakuna marasa hayaniya, wato zanen kayan da ba su motsi, na abinci da tukwane da 'ya'yan itace. A nan na ga aikin Juan Sánchez Cotán na 1602: wata taga ce ta dutse, bayanta baƙi ƙirin, an rataya lemun tsami da tuffa da makwarwa biyu da zare, a ƙasa ga karas, a gefe kuma ga wani ganye mai kaurin jijiya da ƙaya ya lanƙwaso kamar baka, kowane abu yana zaune a muhallinsa da wani irin lissafi wanda ke sa mai kallo ya rage murya ko da bai yi niyya ba. Ba da daɗewa ba bayan ya gama wannan aiki mai zanen ya bar dukiyarsa ya shiga cikin ruhubanawa masu zuhudu a Garnaɗa, kuma ban yi mamakin jin haka ba, domin wanda ya iya kallon karas da wannan tadabburi ya riga ya kama hanyar barin duniya tun yana cikinta. Kusa da shi akwai na Zurbarán, tukwane da kofi guda huɗu jere a kan katako, ba ado ba ƙari, wanda wani attajiri ɗan siyasa na Kataloniya, Francesc Cambó, ya saya da kuɗinsa sa'an nan ya ba gidan kyauta a farkon shekarun 1940. Wannan shi ne karo na farko a tafiyar da na ga hannun mai tara zane a fili, kuma hannu ne na alheri.

Wanda ya fi taɓa ni a Prado shi ne Luis Meléndez, wanda ya zana wa yarima mai jiran gado jerin zane 44 na irin abincin da ƙasar take fitarwa, burodi da cuku da rumman da kankana da lemu, yana nuna har tabon da ƙwaro ya yi wa ɗan itace da ɓantarar da ke bakin tebur. Mutumin da ya yi wannan aiki ya nemi a naɗa shi mai zanen fada bai samu ba, ya rasu a 1780 cikin fatara, alhali kuwa yau gidajen tarihi na duniya suna alfahari da mallakar ko da guda ɗaya daga ayyukansa. Na riƙe labarinsa a zuciya duk tsawon tafiyar, saboda yana nuna cewa tsakanin itƙanin mai sana'a da abincin bakinsa akwai wani mutum na uku, mai saye, wanda in ya makara, yabon da zai zo bayan mutuwa ba ya biyan kuɗin haya.

Wajibi ne in tsaya nan in faɗi wata magana, domin na san mai karatu Musulmi zai yi tambayar da ni ma na yi wa kaina tun kafin in ɗaura niyya. Malamai ba su yi saɓani ba a kan halaccin zana bishiya da dutse da kogi da gida da duk abin da ba shi da rai irin na dabba, kuma sananne ne cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi, ya shawarci wani mai wannan sana'a da ya koma zana itatuwa da makamantansu. Inda fuƙaha'u suka yi bahasi shi ne surar mutum da dabba, kuma mashahurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne bambantawa tsakanin cikakkiyar sura mai inuwa, wato gunki da aka sassaƙa, wadda aka haramta, da wadda aka shimfiɗa a kan takarda ko ƙyalle, wadda hukuncinta bai kai nan ba. Ni ba mufti ba ne, kowa ya tambayi malaminsa. Sai dai ina ganin kashi biyu cikin uku na wannan fanni, wato zanen ƙasa da gari da zanen kayan gida, fili ne buɗaɗɗe wanda Musulmi zai iya shiga da natsuwa, har ma ya sami abin tunani game da ƙudurar Mahalicci a cikinsa.

Daga Prado zuwa gidan Thyssen-Bornemisza tafiyar 'yan mintoci ce a ƙasa ƙarƙashin inuwar itatuwa. Shi kansa wannan gida tarin mutum biyu ne, uba da ɗa, attajiran masana'antu, wanda aka buɗe wa jama'a a 1992, gwamnatin Sifaniya kuma ta saye shi a 1993 a kan dala miliyan 350. A lokacin zuwana ana baje kolin ayyukan Isabel Quintanilla, wadda aka haifa a Madrid a 1938 ta rasu a 2017, kuma ita ce mace 'yar ƙasar ta farko da gidan ya keɓe wa baje koli nata na kanta. Na shiga da niyyar yin sa'a guda, ban fito ba sai da ma'aikata suka fara shirin rufewa.

Abin da wannan baiwar Allah ta ƙare rayuwarta tana zanawa, in an lissafa shi da baki, ba zai burge kowa ba: tambulan na gilashi irin na kamfanin Duralex, wanda babu gidan talaka a Sifaniya da ba shi da shi a lokacin, saman firiji, wayar tarho a kan tebur da dare ƙarƙashin fitila, kwanon wanke hannu, taga ana ruwa, bishiyar ɓaure a tsakar gida. Amma na tsaya a gaban tambulan guda, rabinsa ruwa, an ajiye shi a bakin taga, na ga yadda ta bi hasken da ya shiga ta gefe ɗaya, ya karye a cikin ruwan, ya fito ya zauna a kan dutsen tagar a matsayin wani ɗan farin ɗigo a tsakiyar inuwa, da yadda bakin tambulan ɗin ya ɓace a wani wuri ya sake bayyana a wani, daidai yadda ido yake gani in mutum ya yi gaskiya da kansa bai cika abin da bai gani ba da abin da ya sani. Sai na tabbata cewa na sha ruwa a irin wannan kofi tun ina yaro, amma ban taɓa kallonsa ba sai a ranar. Akwai kuma zanen da ta yi a 1971 don girmama mahaifiyarta, wanda ba fuskar uwar a ciki, sai keken ɗinkinta da ƙyallen da ake cikin ɗinkawa. Mahaifin Isabel ya mutu a tsare a 1941 bayan yaƙin basasar ƙasar, tana 'yar shekara uku, da wannan keke uwar ta ciyar da 'ya'yanta. Kuma duk wanda ya tashi a gidan da ƙarar keken ɗinki take kaiwa tsakar dare saboda a sami na cefane ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan zane. Na ga wata dattijuwa ta tsaya a gabansa tana share ido da gefen mayafin wuyanta, 'yarta na riƙe da hannunta.

Ɗan ƙanwata ne ya jawo hankalina ga ƙananan allunan da ke gefen kowane zane, inda ake rubuta mai shi. Ya ce, “Kawu, ka lura kuwa? Wannan daga Hamburg, wannan daga Munich, wannan kuma an ce na wani mutum ne a Jamus, ba a ma faɗi sunansa ba.” Haka abin yake. A shekarun da ƙasarta ba ta damu da ita ba, wani mai tara zane, Ernest Wuthenow, tare da dillalan zane irin su Hans Brockstedt na Hamburg, su ne suka kai aikinta Jamus daga wajen 1970, Jamusawa suka yi ta saye, har aka nuna ta a babban baje kolin Kassel na 1977. Saboda haka da Madrid ta farka tana son karrama 'yarta, sai da ta aika aro daga ƙasar waje, kuma da yawa daga mutanen da na tarar a ɗakunan nan suna ganin waɗannan ayyuka ne a karo na farko, wataƙila kuma na ƙarshe, domin da an rufe baje kolin a farkon Yuni kowane zane zai koma bangon mai shi. Ban ga laifin Jamusawan ba ko kaɗan, su ne suka ba ta damar ta zauna a gida ta yi aikinta shekara da shekaru ba ta mutu irin mutuwar Meléndez ba. Sai dai a nan na fahimci cewa mai tara zane amana yake riƙe da ita ko ya sani ko bai sani ba, kuma cikar amanar ita ce ya kiyaye abin daga lalacewa, ya yarda ya ba da aro in an nema, in Allah Ya hore masa kuma ya mayar da shi waƙafi kamar yadda Cambó ya yi.

Shugaban wannan jama'a ta masu zanen Madrid a idon duniya, ko da yake su kansu abokan makaranta ne da ma'aurata ba ƙungiya mai shugaba ba, shi ne Antonio López García, wanda aka haifa a garin Tomelloso a 1936, ya fara koyo a hannun baffansa mai zane, ya zo Madrid a 1949 don shiga makarantar San Fernando. Matarsa María Moreno mai zane ce, mijin Isabel kuma, Francisco López, masassaƙi ne, ga Amalia Avia da ta duƙufa a kan ƙofofi da fuskokin tsofaffin kantunan birnin. Shahararren aikin Antonio López shi ne zanen titin Gran Vía, wanda ya fara a 1974 bai ajiye ba sai 1981, ba don girmansa ba, domin bai kai mita ɗaya ba ta tsawo ko ta faɗi, sai don sharaɗin da ya ɗora wa kansa: ba zai zana ba sai yana tsaye a wurin, da bazara, da sassafe, a ɗan taƙin da hasken yake yadda yake so, in rana ta ɗaga ya naɗe kayansa sai gobe, in bazara ta wuce sai baɗi.

Zanen yana hannun mai shi, ba a ganinsa sai an yi sa'ar wani baje koli, saboda haka na ƙudura in je in ga wurin. Bayan sallar asuba muka taka zuwa mahaɗar titin Alcalá da Gran Vía, muka tsaya a tsibirin da ke tsakiyar hanya, muna fuskantar ginin nan mai zagayayyar kusurwa da agogo a goshinsa, wanda a cikin zanen yake nuna ƙarfe shida da rabi. Titin ya yi tsit in ban da motar masu shara da wasu samari da ke komawa gida, kwalta tana da wani launi tsakanin toka da shuɗi, sa'an nan hasken farko ya taɓa saman gine-ginen da ke can nesa, ya bar ƙasa cikin sanyin inuwa. Ban kai ga gama nuna wa yaron abin da nake nufi ba sai launin ya sauya, motoci suka fara kwararowa, abin da muka zo gani ya wuce. A nan na gane da jikina abin da shekara bakwai take nufi, da kuma abin da mai saye yake biya in ya sayi irin wannan aiki, wato asubahin wani bawan Allah da ya tara su ɗaya bayan ɗaya a kan katako guda.

Wanda yake son ya ga yadda mutumin yake aiki, akwai fim ɗin da Víctor Erice ya fitar a 1992, wanda ya sami lambar alƙalai a bikin Cannes, inda aka bi shi cikin kaka yana ƙoƙarin zana bishiyar da Larabawa suke kira safarjal a tsakar gidansa. Ya kafa ƙusoshi a ƙasa don ƙafafunsa su riƙa komawa wuri ɗaya, ya rataya zare mai nauyi irin na magina don ya san tsakiya, ya riƙa ɗiga farin fenti a kan ganye da 'ya'yan itacen don ya auna yadda nauyi yake ja da su ƙasa kowace rana, har ruwan sama ya hana shi ƙarasa zanen mai, ya koma fensir, 'ya'yan kuma suka nuna suka faɗi. Irin wannan jinkiri ya sa ayyukansa ba su da yawa, ƙarancinsu kuma ya sa kuɗinsu ya hau: a 2008 an sayar da zanensa na Madrid daga saman ginin Torres Blancas a gwanjon Christie's na Landan a kan sama da fam miliyan ɗaya. Zanen iyalin Sarki Juan Carlos kuwa shekara ashirin ya ɗauka, ba a baje shi ba sai a ƙarshen 2014, bayan sarkin ya riga ya yi murabus. Kuma da yake sarakuna ba su da lokacin tsayawa gaban mai zane, da hotuna ya dogara a yawancinsa, ni kuma a ganina bai kai titunansa rai ba.

Wata rana da hantsi muka shiga unguwar Salamanca, inda shagunan dillalan zane suke, a lokacin kuwa zancen da ke bakin mutanen wannan kasuwa shi ne sanarwar da gidan Marlborough ya yi cewa zai rufe rassansa na Landan da New York da Madrid da Basalona, gidan da aka kafa a 1946, wanda kuma ya daɗe yana dillancin aikin Antonio López. A wani ƙaramin shago muka sami wata mata mai furfura, wadda ta ga ba mu yi kama da masu sayen abu mai tsada ba amma duk da haka ta ba mu kujera, yaron yana yi mana tafinta. Na tambaye ta abin da take faɗa wa wanda ya zo sayen zanensa na farko. Ta ce abu na farko ya tambaya ko a gaban abin aka zana ko daga hoto aka kwafa, ba don kwafar hoto zunubi ba ne, sai don ya san abin da yake biya; ta ɗauko zane biyu na kwanon lemu ta jera, ta nuna mini cewa a ɗaya inuwar baƙa ce ƙirin kamar yadda na'ura take mayar da ita, gefen kowane abu kuma a yanke yake daidai wa daida, a ɗayan kuwa akwai launi a cikin inuwar, ja-ja da kore-kore, wasu gefunan a bayyane wasu a narke, domin idon mutum ba ya kama kome da kome lokaci guda. Abin ya tuna mini da masu sayen babbar riga a wurinmu, waɗanda ba su tsayawa ga kyan aska a gaba, sai sun juya cikin rigar sun duba bayan ɗinkin kafin su yarda cewa aikin hannu ne ba na keke ba.

Abu na biyu, in ji ta, shi ne takardu: wa ya zana, yaushe, wa ya fara saye, daga hannun wa ya koma hannun wa, a wane baje koli aka taɓa nuna shi. Na ce wa yaron ya faɗa mata cewa malamanmu na hadisi sun riga kowa sanin wannan ilmi, domin ba su karɓar magana sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum, in an sami giɓi a salsalar darajarta ta ragu. Ta yi murmushi ta ce to lalle zan iya wannan kasuwa. Ta kuma gargaɗe ni in bambanta zanen asali da bugun na'ura da ake yi a kan ƙyalle a sa wa lamba, wanda yake da kyau a bango amma ba shi ne abin da hannu ya taɓa ba. Game da la'ada ba ta ɓoye ba, ta ce sau da yawa dillali yana ɗaukar kusan rabin kuɗin, daga ciki yake biyan haya da buga littafin baje koli da jiran shekarun da ba a sayar da kome ba. Maganarta ta ƙarshe ita ce wadda na fi yarda da ita: wanda ya sayi zane don ya sayar baɗi da riba ya fi kyau ya nemi wata haja, domin 'yan ƙalilan ne kuɗinsu yake hawa, sauran kuwa ribarsu ita ce zama da su.

Daga tashar Atocha muka hau jirgin ƙasa mai gudu zuwa Basalona, tafiyar da ta haura kilomita 600 amma ba ta kai sa'a uku ba. A wannan tasha ne aka kafa manyan kawunan jarirai biyu na tagulla da Antonio López ya yi a 2008, ɗaya ido buɗe ɗaya a rufe, ana kiransu Rana da Dare. Wannan ɓangare na aikinsa ya faɗa cikin abin da na ambata na sura mai inuwa, don haka ban tsaya a kansa ba. Ta tagar jirgin na ga ƙasar Aragon, busasshiya mai launin ƙasa-ƙasa da fari, tuddai marasa itace, irin ƙasar da mai gaggawa zai ce ba abin zanawa a cikinta.

A tsohuwar unguwar Basalona, cikin wani lungu da ake kira Barra de Ferro, akwai gidan da aka buɗe a 2011 a wani tsohon gidan attajirai na ƙarni na sha takwas, ana kiransa MEAM, wanda wani mai tsara gine-gine, José Manuel Infiesta, ya assasa musamman don masu zanen kamanni na wannan zamani, waɗanda manyan gidajen zanen zamani ba su cika buɗe wa ƙofa ba. Suna shirya gasa da masu zane daga ƙasashe da yawa suke shiga, ayyukan da suka yi fice kuma su shiga tarin gidan. 'Yan taku kaɗan daga nan gidan Picasso yake, inda layin masu jira ya kai bakin titi, alhali a MEAM mu da wasu mutum kaɗan ne muke zagayawa. Abin lura kuwa shi ne, a cikin gidan Picasso ɗin akwai babban zanen da ya yi a 1897 yana ɗan shekara sha biyar, likita da mara lafiya a kan gado, wanda ke shaida cewa shi ma sai da ya ƙware a kamanta abin da ya gani kafin ya ga damar rushe shi.

Gaskiyar abin da na gani a MEAM gauraye ne. Ƙwarewar hannu ta kai matuƙa, har akwai fuskokin da ake ƙirga gashin gira da ramukan fata a kansu, kuma mafi yawan ayyukan surar mutane ne, wasunsu ba sutura, waɗanda na wuce su da sauri. Amma da yawa sun bar ni da sanyin zuciya, saboda burin mai su shi ne in ce kai, kamar hoto, kuma da na faɗi haka magana ta ƙare tsakanina da su. Waɗanda suka riƙe ni su ne waɗanda na ji cewa mai zanen yana da wata alaƙa da abin da ya zana: wani tsoho zaune a bakin gado da hannayensa a kan gwiwa, wani ɗakin girki bayan an watse, wani fili a bayan gari da hasken la'asar. Bambancin da ke tsakanin waɗannan da waɗancan shi ne bambancin da ke tsakanin mai nuna gwaninta da mai ba da shaida, kuma mai tara zane da bai koyi rarrabe su ba zai cika gidansa da abin mamaki wanda zai gundure shi kafin shekara ta zagayo.

Da muka koma Madrid na sake zuwa shagon matar nan, na sayi wani ɗan ƙaramin zanen mai a kan katako, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba, na wata matashiya da ba ta yi suna ba tukuna: albasa uku da wuƙa a kan farin ƙyalle, ɓawon ɗaya ya ɗan ɗago har ana ganin haske ta cikinsa. Kuɗinsa ya yi mini nauyi amma bai karya ni ba. Ta rubuta mini takardar shaida da sunan mai zanen da shekara da irin fentin, ta ce in ajiye ta tare da rasit kada in raba su da zanen ko bayan raina, ta kuma kwantar mini da hankali cewa dokar ƙasar ta 1985 kayan da suka haura shekara ɗari take hana fitarwa sai da izini, aikin mai rai ba ruwanta da shi. Da ta ji daga inda na fito, sai ta tambayi yanayin garinmu, na kwatanta mata bushewar hunturu da ƙurarsa da kuma laimar damina. Ta ce katako yana shan iska yana kumbura yana motsewa, fenti kuma yana tsagewa in abin ya yi yawa, don haka in sa shi a firam mai gilashi wanda gilashin bai taɓa fentin ba, in rataya shi a bangon ciki nesa da taga da hayaƙin turare, kada kuma in bari a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Ɗan ƙanwata ya naɗe shi cikin rigar sanyinsa ya sa mini a jakar hannu, ya ce, “Kawu, in ka isa ka nuna wa Umma, ka ce mata da kuɗin rago ka sayo albasa uku, ina son in ji abin da za ta ce.” Na ce masa zan nuna mata, kuma zan rataya shi a ɗakin karatu inda ɗalibai suke shigowa, da sunan mai zanen a rubuce a ƙasansa.